Maganin da Ba a Haɗiya

Shekara talatin da ɗaya ina kan keken ɗinki
a wata rumfa bayan kasuwar Daura,
idona bai san abin da ya wuce kafar allura ba.
Ran da likita ya ɗaure min damtse ya matsa,
sai ya ce, "Baba Lawai, jini ya hau.
A rage gishiri. A riƙa takawa."

Takawa zuwa ina?
Ni da ba bashi nake bi ba.

Hansatu, jikata, ita ta aro madubin hangen nesa
wurin malaminsu, ido ɗaya ya tsage.
Bayan asuba muka hau babur sai Daberam,
na ninka riga uku, haƙora na kaɗa kalangu,
ruwa yana hayaƙi kamar an sauke tukunya.

Ta ce, "Kaka, rufe baki, buɗe kunne."
Yau kuma ƙwai ke yi wa kaza huɗuba.

Na ɗora madubi, na ga hanci na, na ga duhu,
na ga rabin wani jaki.
Can sai zalɓe ya faɗo cikin gilashi,
tsaye da ƙafa ɗaya, bai ko tari.
Ladin kogi tana taka ruwa da jan tsinke,
kirinjijiya sun tashi da fito a baki.
Da tsanwaka ta buɗe fiffike
sai da na ce subhanalla.
Na sayi zare a Kano, na sayi na Kwanni,
ban taɓa riƙe wannan shuɗin ba.

Akwai wani ɗan ƙarami, ruwan ƙasa,
yana caccakar taɓo yana rawar wutsiya.
Ba ni da sunansa.
Hansatu ta ce daga ƙasar ƙanƙara ya gudo,
ya ƙetare teku, ya ƙetare hamada.
Wato sanyin da ya sa ni riga uku,
shi nan ne wurin shan ɗuminsa.
Na cire riga ɗaya don kunya.

Yanzu Talata da Asabar ba a ganina sai hantsi.
Littafin awon da na saba rubuta
wuya, ƙirji, tsawon hannu,
bayansa duk ya cika:
balbela tara, dinya biyu, baƙona ɗaya.

Gwiwa ta rage gunaguni.
Tanimu mai shayi na cewa na tsufa da wasan yara,
amma jiya ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa,
ko babur zai ɗauki mutum uku.