Tozon Mahauci

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a Garwa.
Wuƙata ta san kitse fiye da yadda na san jikokina:
na gadon baya, mai laushi, ba ya gardama,
na ƙoda, mai tauri kamar sabulu,
da wanda ke lulluɓe hanji
kamar tarun masuntan Binuwai.

Ran Alhamis a kasuwar Adumri
tozo nake fara taɓawa, don tozo ba ya ƙarya.
Da kaka yana tsaye ƙyam,
da bazara ya langaɓe gefe kamar tsumma:
sa ya cinye ajiyarsa har ya ga ruwan fari.
Kitse rumbu ne, na daɗe da sani.
Nawa rumbun ne ban taɓa leƙawa ba,
sai da ruku'u ya zama kokawa,
sai da ɗan acaɓa ya dube ni
ya ce kuɗin mutum biyu.

Dokta Asta ta ɗebi jinina.
Da ya kwanta, ta ɗaga kwalbar wajen taga,
samansa ya yi fari kamar romon da ya kwana.
Ban bukaci tafinta ba.

Ta ce, "Baba Tanimu, kitse ba maƙiyi ba ne.
Ma'aji ne, yana karɓa in an ƙoshi,
yana fitarwa in an yi yunwa.
Har ɗan aike gare shi zuwa ƙwaƙwalwa
mai cewa, ya isa, a sauke hannu.
Naka ya yi ta sallama har ya gundure ta,
yanzu ta toshe kunne.
Rumbu ya cika, bangonsa ya tsage,
abin da ya rasa wuri sai ya bi jini,
ya sauka a hanta ba gayyata,
ya tare ƙofa, sukari ya rasa mashiga."

Hanta kuwa!
Sau nawa na yanka irinta, rawaya, mai maiƙo,
na ture ta gefe na ce ragon gida ne,
an ɗaure shi, dusa safe, dusa yamma?
Ashe da ni nake.

Sa yana da bazararsa.
Ni kullum kaka:
shayi mai sukari huɗu, makala biyar,
ɗanɗanen tsire daga azahar har isha,
wanda ban taɓa lissafa shi abinci ba.

Yanzu ni ke ƙirƙirar bazarata.
Da asuba in taka daga Yelwa har gada,
gumi na bin wuyana, gwiwa na zagina.
Wata uku, rami ɗaya a bel.
Ɗaya tak. Na nuna wa Dokta, ta tafa.

Da yamma mai saye ya ce, "A sa mini kitse."
In yanko, in ɗora a wuta,
ya yi ta tsartuwa yana kiran sunana.
In naɗe masa a takarda,
in haɗiye yawu,
in ba shi canjinsa.