Ƙidayar Cikin Gida

Shekara ashirin da shida ina mai unguwa
a bayan Ƙofar Guga.
Ba a sauke baƙo ban ji ba,
ba a raɗa suna goro bai iso zaurena ba.
Na san gidan da ake daka sau biyu,
na san gidan da turmi ke kwana da ƙishin hatsi.
Ashe akwai gari a ƙarƙashin rigata
da ban taɓa zagayawa ba.

Wata bakwai cikina yana kiɗan kalangu.
Na sha jiƙo, na sha sassaƙe,
na sha kafso ja da rawaya na shagon Lurwanu,
in ya lafa in bari,
in ya motsa in aika yaro da ɗari biyu.

Sai Likita Rumasa'u,
wadda na halarci sunanta ina da sauran baƙin gemu,
ta miƙo mini 'yar kwalba mai cokali a murfi.
Ta ce, Baba, gobe da asuba.
Ta dubi ƙasa, na dubi rufi.

Na ƙunshe ta a baƙar leda, na tura aljihu.
'Yan majalisa suka ce, ranka ya daɗe, mi ka riƙo?
Na ce saƙo ne.
Ban yi ƙarya ba.

Mako biyar kafin ta kira ni.
Ta ce kowace ƙwayar halitta da rubutu a jikinta,
harafi huɗu kacal.
Huɗu!
Mu da muka sha dorina a kan ashirin da takwas.
Ta ce na'ura ke yayyaga rubutun,
ta karanta kowane ƙyalle,
ta dawo tana haɗa baki da baki
har sunan mai shi ya fito.

Ta juyo mini allon gilashi.
Ga kore, ga shuɗi, ga ja ya ci rabin fili.
Ta ce koren nan su ne tsofaffin gida,
masu sarrafa dusar dawa da ganyen rama,
saura kaɗan suka rage.
Jan nan kuwa kango suka tarar, suka tare.
Na ce wa ya tashi masu gida?
Ba ta amsa ba.
Ta dai kalli ledar fankon kafso da na zo da ita.

Na tuna shekarar da aka faɗaɗa titi,
ni na riƙe wa ma'aikata gwangwanin jan fenti.
Ɓarawo ɗaya na bi da wuta,
na ƙone unguwa.

Can gefe akwai toka-toka, babu suna.
Ta ce waɗannan na'ura ba ta san su ba,
ta fi sanin cikin mutanen da ba su taɓa jin warin daddawa ba.
Ta ce, Baba, ilmin nan rarrafe yake,
ba zan yi maka alkawarin da ban riƙe ba.
In ka yarda, mu rubuta naka a kundi,
ba da sunanka ba.
Ni da na dangwala hannu a takardun gado da na filaye,
ranar na sa hannu saboda baƙin da ban taɓa gani ba.

Yanzu da dare tuwon dawa ne, miyar kuka,
wake in an samu, kindirmo in mai nono ta biyo.
In na yi bisimilla sai in ce, ku matso.
Ɗayyaba ta leƙo daga madafa:
Malam, da wa kake?
Na ce da talakawana.

Jiya cikin dare ya yi ƙugi sau ɗaya.
Na ɗora tafin hannu, na yi shiru,
ko ƙara suka kawo.