Kofin da Ke Ƙasan Taga

Tasi'u ya tafi Kyuba karatun likita
shekarar da aka rushe soron gidanmu aka sa bulo.
Bai dawo ba.
Wasiƙa uku, hoto ɗaya,
sai labarin da ba a faɗa wa mutum yana tsaye.

Shekara talatin da ɗaya,
ga 'yarsa a ƙofar ɗakina a Yakasai,
da jakar goyo, da goshin ubanta,
da Hausar da ba ta cika cokali ba:
sannu, na gode, Goggo.
Ramlatu ya raɗa mata. Can Yaima suke kira.

A wuyanta tsakiya ce, rawaya kamar man shanu.
Ba ta tuɓe ta sai za ta wanka,
ta sumbace ta, ta kwantar kan farin ƙyalle.
Na gani, na kau da kai.
Ba a yi wa baƙo tambaya jiƙon hanya bai sake shi ba.

Dare na huɗu na ji magana ƙasa-ƙasa.
Na leƙa.
Kofin gilas cike da ruwa a ƙasan taga,
hoton Tasi'u a jingine,
zuma a murfin kwalba, tururuwa har sun ja layi.
Na yi a'uziyya a zuci.
Ta danna waya, wayar ta ce mini da muryar ƙarfe:
"Babana yana jin ƙishirwa.
Tun da ya rasu ban yi barci ba."

Ni da na shekara ashirin da shida
ina ɗaura wa mutane ruwa a asibitin Murtala,
na san rashin barcin da ƙwaya ba ta iya masa.

Da safe na ja ta Kurmi,
lungun da Innarmu ke zuwa a ɓoye
ta ce wa Malam zare ta je saye.
Ladidi mai hayaƙi tana nan, ta tsufa, ta ranƙwafa.
Ba ta dubi fuskar yarinyar ba, wuyanta ta duba.
"Ta ruwa ce, ko?
Mu ma muna da ita, sai dai ba a kiran sunanta da rana."
Ta ƙulla hano da tazargade a takardar siminti,
ta ƙi karɓar kuɗi,
ta ce wanda ya zo daga bayan teku ya riga ya biya.

Muka biyo ta Ayagi.
Ramlatu tana tafe tana rera wani abu a maƙogwaro,
sai Iya Sikiratu mai amala ta saki ludayi cikin miya.
Hajiya ce, sau biyu, haƙorin Makka na walƙiya.
"Wa ya koya miki wannan?"
Kalmomin sun suɗe kamar tsohon kwabo,
amma kakarta ta yi mata su a goye.
Ta gyara wa yarinyar kalma ɗaya,
suka rera tare, ɗaya na kuka, ɗaya na dariya,
masu jiran abinci riƙe da kwanuka.

Daren nan na zuba hayaƙi a kasko,
na karanta wa Tasi'u Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya,
na yi alkawarin waina ran Juma'a.
Ita kuma ta sake wa kofinta ruwa.
Ban hana ta ba, ba ta hana ni ba.

Ta yi barci har aka kira azahar.
Hayaƙin ne, ko addu'ar, ko kukan Ayagi,
ban sani ba.
In liman ya tambaye ni, zan ce gajiya ce.

Wata biyu ke nan da tafiyarta.
Kofin yana nan.
Ban cika shi ba, Allah shaida,
ban kuma ɗauke ba.
Shekaranjiya aka yi ruwa da iska,
na manta ban rufe tagar ba.
Da asuba na tarar da ɗan ruwa a gindinsa,
bai fi kurɓi biyu ba.

Na daɗe a tsaye da buta a hannu.