Mai Auna Wa Matattu Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe masa bakin igiya.
Shi yana can da fensir a bayan kunne,
ni ina nan da turke da guduma,
tsakaninmu ciyawa, da mutanen da ba su iso ba tukuna.

Haladu Gumau.
Ya dawo Bauchi daga karatun zanen gini
da kasuwa guda a cikin kansa:
rumfa ɗari huɗu, magudanar ruwa,
inuwa ta musamman don masu tumatir.
Takardar farko da ma'aikata ta miƙa masa
ta ce makabartar soja, gindin dutse, bayan bariki.
An gama yaƙi, matattu ba su da masauki.

Ya ce mini aikin wata shida ne.

Wani babban hafsa ya zo da sanda a hammata,
yana son dutsen manya ya ɗara na ƙanana da taƙi ɗaya.
Haladu ya miƙa masa magwaji:
"Ranka ya daɗe, auna mini kofur a kwance, ka auna kanar.
In ka sami bambanci, sai in zana."
Shekara huɗu ba a ƙara masa girma ba.
Duwatsun suna nan, kansu ɗaya.

Abin da ya hana shi barci shi ne makwanci.
Saje Manu na Darazo sai ya fuskanci alƙibla,
Bitrus na Bogoro danginsa sun zo da gicciye,
su biyun kuwa rami ɗaya suka kwana a daji.
Ya yi ta gogewa har takarda ta huje.
Bai ja katanga ba.
Tsamiya ya dasa, layi ɗaya a tsakiya,
ya ce saiwa ba ta neman izini kafin ta ratsa.

Aka ce ya kafa mutum-mutumi riƙe da bindiga.
Ya kafa benci da famfo.
Ya ce uwar da ta taso daga Misau a motar haya
ta riga ta san kamannin bindiga,
ƙafa ke mata ciwo.

Ni na sassaƙa sunayen a bango.
Ban yi boko ba, haruffa na san su ne kamar fuskokin maƙwabta.
Rannan ya karɓi kurfi daga hannuna, bai ce komai ba,
ya buga suna ɗaya da kansa:
Inuwa, ƙaninsa, wanda ko takalminsa bai dawo ba.
Je ka duba layi na tara.
Harafi na huɗu a karkace yake.

Ya bar kadada guda ta gabas babu komai.
Akanta ya kira shi ɓarna.
Haladu ya ce, "Allah ya sa awaki su gaje ta."
Awaki sun ci shekaru suna kiwo.
Sai motoci suka fara shigowa da sassafe,
tuta a kan kowane akwati,
yaran da aka haifa bayan tsamiyar ta fara 'ya'ya.
Ya tsaya da sandarsa yana kallon masu haƙa
suna bin turakun da muka kafa tun muna da baƙin gashi.
Ya ce, "Ban taɓa ƙin lissafina ba sai yau."

Ranar Talata ya rasu, bayan la'asar.
Ni na auna shi, da karan dawa.
Makabartar gari muka kai shi:
itace, ganye, laka, sai ƙaya don karnuka.
Damina biyu ke nan,
in na je sai in yi sallama ga layin gaba ɗaya,
don ban ƙara tantance nasa ba.

Jiya 'yarsa Asabe ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.
Kasuwar tana ciki, a naɗe.
Gara ta cinye wajen masu tumatir.