Daga Fitila Zuwa Fitila

Ba faɗuwa na yi ba.
Da faɗuwa ce, da na sami labarin bayarwa.
Wata asuba ce a bakin tekun Jidda,
iska jiƙe kamar tsumman da aka manta a bokiti,
ina kilomita na tara, ina jin kaina saurayi,
sai agarata ta dama ta ce: tsaya.
Na ce mata: gobe.
Mako uku muna wannan ciniki,
har safiyar da na sauko daga gado,
diddige ya taɓa ƙasa, na rungumi ƙyaure.

Ustaz Bashari, mai gashin ƙashi a asibitin unguwa,
ɗan Maiwurno ne, Hausarsa da ƙanshin Larabci.
Ya danna da babban yatsa, na ga taurari da rana tsaka.
Ya kifa takalmina, gefe guda ya siɗe kamar sabulu.
"Wannan ya rasu tun bara,
kai ne ba ka yi masa sutura ba."
Ya ja takarda, ya zana layuka.
"Jijiya ba ta jin tsawa, ɗan'uwa.
Lallashi take ji, shi ma ba kullum ba."

Sai duniyata ta tsuke, ta koma matakalar bene.
In dafa bango, in ɗage bisa yatsu,
in sauke diddige a hankali
kamar mai sauke tulu cike daga kan yaro.
Sha biyar, hutu, sha biyar.
'Ya'yan maƙwabcinmu Bayamale suna ƙirga mini da Larabci,
suna tsallake lamba da gangan.
Da dare Nafisatu ta buɗe firiza,
ta miƙo ledar kuɓewa mai ƙanƙara:
"Ƙafarka ta fi mu shan miyar nan."

Jazuli kuwa bai fasa turo hoton agogonsa ba.
Sha biyu. Sha shida. Ashirin da ɗaya.
Ina rubuta masa barka,
haƙorana a cije.

Mako na shida na yi sata.
Zafin ya lafa, na ɗauka ya yi ƙaura,
na fita ba sallama, na zuba gudu kamar ana bina bashi.
Daɗinsa, wallahi, har wuya.
Gari ya waye, ga baƙon zaune a gindin gado,
bai ko cire hula ba.
Bashari bai yi faɗa ba.
Ya karɓi takardar, ya soke layi huɗu,
ya mayar da ni inda na baro.
Shirun nan ya fi mari.

Yanzu ga ƙa'idar:
fitila ɗaya a guje, biyu a tafe.
Yau a fita, gobe a zauna,
zaman ma aiki ne, ko da ba ya zufa.
Ba a ƙara nisa da sauri rana guda.
Alƙali kuwa ba agogo ba ne,
takun farko ne na safiya:
in ya yi shiru, a ƙara kaɗan,
in ya yi tsaki, a ja baya ba kunya.

Na san fitilun nan yanzu kamar dangi.
Akwai mai ƙifta ido, akwai wadda kuliyoyi suka mallake.
A ƙarƙashin ta sha ɗaya wani dattijo yake jefa ƙugiya,
wata biyu ban ga ya kama komai ba,
ban kuma ga ya makara ba.

Jiya Jazuli ya wuce ni kamar iska,
ya waiwayo, ya yafito ni da hannu.
Ƙirjina ya ce: bi shi.
Na kai fitila.
Na tsaya.
Na taka biyuna a tafe, ina jin gishiri a leɓe,
agarata tana tafe da ni, ba ta ce komai ba.