Lamba Sha Tara

Shekara sha ɗaya ni ka sharar zauren ga
na sakatariyar Wurno.
Na san fankar da ka kuka,
na san tagar da ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse.
Duk shekara, in an gama cirar albasa,
sai saƙo ya fito daga ofis:
gasar masu zane ta zo, Tunau, a wanke daɓe.

Tun hantsi sunka fara shigo da kaya.
Wani da allon katako ya sha fenti har ya ƙoshi,
wani da raƙumin waya da marfin kwalba.
Malamin firamare ya zano Ciyaman,
ya rage mai tumbi, ya ƙara mai hasken goshi.
Ni dai nawa miƙa ƙusa da riƙon tsani.

Bayan la'asar sai ga Hajo,
ɗiyar Arzika mai gyaran injin ban-ruwa.
Babu allo, babu firam.
Buhunan albasa ne, jajaye, yagaggu,
da guntun tiyo,
da takalmin roba wari guda,
da busasshiyar laka cike da kwano huɗu.
Ƙuryar gabas ta zube su,
ta yi ta jeri har anka kira magariba.

Da asuba na zo da tsintsiyata.
Wanda duk ya iske ƙasa bisa daɓen da ya wanke jiya,
mi kuke so ya yi?
Sau ukku na kai hannu,
tsakiyar abin ta koma fili fetal.
Sannan idona ya kai ga 'yar takarda jikin bango:
Lamba sha tara. Fadamarmu bayan ruwa.

Gwiwa ta yi sanyi.
Saura damina biyu in aje aiki,
ga ni zan fita da sunan maɓarnaci.

Da ta zo ba ta yi magana ba.
Ta durƙusa, ta bi sawun tsintsiyar da yatsa
kamar mai bin layin karatu.
"Baba, kai ka yi wanga?"
Na ce ni ne, a yi mini aikin gafara.
Ta ce, "Kwana tara ina neman
yadda gulbi ya ratsa gonar babana.
Hannuna ya ƙiya, tausayi garai.
Tsintsiyarka ba ta san na kowa ba.
Haka ruwan ya yi. Bar shi."

Alƙalai ukku sunka zo daga Sakkwato.
Mai tabarau ya tsaya gaban sharata
yana zuba Turanci yana kaɗa kai,
wai a dubi ƙarfin hannun da ya ratsa tsakiya.
Na duƙar da kai ina gyaran kujeru.
Hoton Ciyaman ya ci na ɗaya, wa zai yi mamaki.
Hajo ta ukku:
ambulan marar nauyi da fitila mai caji.

Ranar Laraba, rana ta take,
tsoho Nomau ya shigo neman inuwa kawai.
Ya wuce raƙumin, ya wuce Ciyaman,
ya zo ƙuryar gabas ya kafe.
Akwai shuɗin tambari ga bakin buhu ɗaya,
da'ira da ɗigo biyu.
Ya ce, "Wanga buhuna ne.
Arba'in na cika waccan shekara."
Bai ƙara ba.
Ba wanda ya tafa.
Na kawo mai ruwa a moɗa, ya riƙe bai sha ba.

Yau kwana huɗu da rufe gasa.
An kwashe allunan, an maida tsani sito,
an aiko sau biyu in share zaure
don akwai taron masu haraji.
Na share gaba, na share baya,
na goge tagar nan mai dutse.
Ƙuryar gabas kuwa
na ce masu sai gobe.