Wanzamin Laraba

Shekara talatin da biyu a Jekadafari
ina yi wa mutane ƙwal-kwabo.
Yau ga shi an aske ni babu aska,
har gira, har gemun da nake wa tanadin furfura.
Na ce wa likita: wanzamin nan naku ya iya aiki,
tsada ce aibinsa,
zama ɗaya, kuɗin akuya biyu.

Ya yi dariya. Ni ma na yi.
Hajjo ce ba ta yi ba.

Wai sunansa daji.
Ni da ko farauta ban taɓa zuwa ba,
daji ya taso ya same ni har gida,
ya yi shimfiɗa a hanjina.

Mu huɗu ne a jere, kowa da gorarsa a rataye.
Yila na Billiri ya raɗa mana 'yan majalisa,
shi ne kakaki, don ya fi kowa amai.
Alhajin gadon taga sau biyu ya zauna da mu,
na uku aka ce jirgi ya kai shi Alƙahira.
Ya bar mana rabin kwalin lemo.
Mun sha, mun yi masa addu'a.
Yila ya ce: ciwo ɗaya, ƙofa biyu.

Aka ce saura gashi.
Na shafa kai, na ce ai ya ƙare.
Gashin inji, Baba Manu, in ji nas.
Injin kuwa shi ma yana jinya,
a dawo bayan wata biyu,
ko a nemi kuɗin mota.

Dare ne ba ya jin barkwanci.
Ƙarfe biyu, Hajjo ta juya baya kamar mai barci,
ni kuma ina ƙirga:
keken ɗinkinta ya tafi,
filin Tumfure ya tafi,
Nenne ta ce hutu aka ba su a makaranta.
Na san kalandar.
Nakan cusa fuska a matashi kada bango ya ji.

Larabar nan an canja zanin gadon Yila.
Ba wanda ya tambaya.
Wani yaro ne a kai, daga Dukku,
ya danne hularsa da hannu biyu.
Na ce: samari, cire ta ka sha iska,
nan duk aikin wanzami ɗaya ne.

Ya dube ni, ya dubi kaina.
Sai da ruwan ya kai rabin gora
sannan ya yi murmushi.